Yadda Za Ka Zama Shugaban Tsare-Tsare a Shagon Taliyar Matarka Ba Tare da Ka Jiƙa Hannu Ba

Kai da aka sallama daga aiki da kwandon furanni da agogon bango, kai da shagon abincin matarka ke bunƙasa har ta fara yi wa hannayenka wani irin kallo, matso kusa. Abin da zan koya maka, na ba ka tabbaci a kansa ɗari bisa ɗari. In ka bi matakan nan daki-daki, za ka samu muƙami, da kati mai sunanka, da abincin rana kyauta, kuma ruwan wanke-wanke ba zai taɓa sanin launin fatarka ba.

Ba a littafi na karanto ba. Shekara ashirin da biyu ke nan ina yankan makulli a lungun bayan kasuwar kifi ta Gunsan, garin nan na bakin teku, ƙofata na kallon ƙofar shagon taliyar Yeom Gyeong-ja. A kan idona mijinta, Pyo Gwang-ho, ya bi hanyar nan tun daga tushe. Gani ya kori ji.

Mataki na 1: Naɗa kanka kafin a miƙo maka soso

Pyo ya yi shekara ashirin da tara a sashen tsare-tsare na wani kamfanin ƙera kayan jirgin ruwa. Wata ranar Laraba aka kira shi ofis, aka ba shi shayi, aka yi masa bayani cikin ladabi cewa shi da kansa ne yake son ya huta. Ya dawo gida da kwali ɗaya da tsohuwar kwamfutarsa.

A daidai lokacin ne Gyeong-ja ta karɓi shagon mai askin da ke jikin nata, ta fasa bango, tebur shida suka koma goma sha huɗu. Ita ke murza ƙullu, ita ke yanka taliya da wuƙa. Bong-sun, mai taya ta aiki, wadda ta girme ta da shekara bakwai, ita ke kan tukunya da kwanuka. Hannu huɗu, baki ɗari.

Safiyar Litinin ta farko, Gyeong-ja ta ajiye masa safar hannu ta roba, ruwan hoda, a gefen kwanon shinkafarsa. Ta koma kan aikinta.

A nan ragwaye ke faɗuwa. Rago zai ce bayansa na ciwo. Kul ka yi haka! Ciwon baya yana warkewa, kuma mata suna lissafe da kwanakin. Shi Pyo sai ya dubi safar, ya kurɓi miya, ya gyara murya.

"Maman Da-hye, shagon nan ina ya dosa nan da shekara biyar?"

"Ina kuwa zai dosa? Yana nan inda yake, sai dai in teku ta zo ta kwashe shi."

"Kin ji irinta ko? Jirgi ne ba matuƙi. Kowa na kwarfar ruwa, ba mai duba taswira."

Da yamma ya dawo da kati ɗari biyar: Pyo Gwang-ho, Shugaban Sashen Tsare-Tsare da Fasahar Zamani. Sashen shi kaɗai ne, amma kati ba ya faɗin adadi.

Mataki na 2: Kira taro

Mutumin da ke cikin taro ba a aikensa. Wannan ita ce babbar hikimar da ɗan Adam ya gano bayan wuta.

Pyo ya liƙa farar takarda a jikin firijin da ake ajiye kimchi, tsumammen kabejin nan mai yaji, ya raba ta gida huɗu: ƙarfi, rauni, dama, barazana. Ya zaunar da matan biyu da ƙarfe uku na rana, lokacin da suka saba ɗora ƙafa a kujera suna ɓarar tafarnuwa.

"Mu fara da rauni. Yaya Bong-sun, a ganinki mene ne raunin wannan ma'aikata?"

"Gwiwata ta hagu, ranka ya daɗe."

"Ina nufin na kasuwanci."

"To ai ita ke ɗauke da kasuwancin."

"Barazana fa?"

Gyeong-ja ta jefa tafarnuwa a kwano. "Wani ƙato ya tsaya gaban firiji, ina son in ɗebi kimchi."

Kada irin wannan ya karya maka gwiwa. Rubuta duk abin da suka faɗa, ka ja masa layi da jan biro. Wanda aka rubuta maganarsa, ko zagi ne, sai ya ji wani sanyi-sanyi. Kuma ka tabbata kowane taro ya ƙare da sa ranar wani taron.

Mataki na 3: Yi bincike

Bincike na nufin cin abinci a shagunan wasu. Pyo ya shafe mako uku yana wannan sadaukarwa. Ya ci taliya a gaban jami'a, ya ci a tashar mota, har garin Jeonju ya je. Ya dawo da ƙarin kilo biyu da sakamako ɗaya: duk shagon da ya san ciwon kansa yana da na'urar karɓar oda a bakin ƙofa.

Mataki na 4: Sayi abin da ke da allo

Tsari in ba shi da filogi, surutu ne. Dole ka kawo abin da za a jona a bango.

Na'urar ta iso ranar Alhamis, fara sol, ta kai Pyo tsayi. Ka taɓa hoton abinci, ka zaɓi babba ko ƙarami, ka tura katin banki, sai wata 'yar na'ura a kicin ta tofo takarda mai ɗauke da oda da lambar tebur. Ba sauran kira, ba sauran mantuwa.

"Daga yau," in ji Pyo, yana shafa gefenta, "za mu san me ake ci, ƙarfe nawa ake ci, wace rana ake ci. Bayanai, Maman Da-hye. Duniya yanzu bayanai ce."

"Taliya ake ci, da rana ake ci, kullum ake ci. Da ka tambaye ni."

Bong-sun ta zagaya na'urar sau biyu tana riƙe da ludayi. "Ashe Manaja yana da ƙane? Kamarsu ɗaya. Ga tsayi, ga tsabta, ga tsayuwa wuri guda."

Daga ranar sunan ya bi ta. Duk lungun Ƙanen Manaja ake ce mata.

Mataki na 5: Ranar farko, tsaya daga nesa

Shugaba ba ya tsoma baki, lura yake yi. Pyo ya zauna a teburin kusurwa, ya buɗe kwamfuta, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

'Yan makaranta da ma'aikatan banki ba su ko ɗaga kai ba, taɓ-taɓ-taɓ suka wuce. Pyo na ta gyaɗa kai kamar ƙadangare.

Sha biyu da kwata sai ga Kaftin Seok. Shekararsa tamanin da ɗaya, ya yi arba'in daga ciki yana tuƙa jirgin kamun kifi, ƙarar inji ta cinye masa kunne ɗaya da rabin ɗayan. Tun rasuwar matarsa, shekara goma sha biyar, a shagon nan yake cin abincin rana. Bai taɓa yin oda ba. Shigowa yake, ya rataye hula, ya zauna, kwano ya same shi: taliya mai laushi sosai, ba albasa, romo har baki.

Ran nan ya tarar da layi, ya bi. Da aka zo kansa ya tsaya gaban allon. Yatsunsa kamar saiwar rogo, duk inda ya taɓa sai abu biyu su amsa. Ya taɓa taliya, ta ba shi mandu, ƙullun nan da ake cusa wa nama. Ya nemi gogewa, ta ƙara masa faranti shida. Na'urar ta yi magana da muryar budurwa, bai ji ba. Ta maimaita. Wata yarinya a bayansa ta ja tsaki a hankali, saurayinta ya duba agogo. Sai allon ya gaji da jira, ya koma farko.

Tsohon ya tsaya yana kallon fuskarsa a gilashin. Sannan ya juya, ya rusuna wa yaran da ke bayansa, yaran da ba su kai jikokinsa ba, ya ce, "Ku yi haƙuri, na ɓata muku lokaci." Ya fita.

Gyeong-ja tana can cikin tururi, ba ta gani ba sai da ya kai ƙofa. Kwanonsa na hannunta, ta riga ta zuba. Ta bi shi har titi tana kira, "Baba! Baba Kaftin!" Kunnen da ya mutu ne ke wajenta.

Ta dawo ta dire kwanon a gaban mijinta, a kan takardunsa, romo ya fantsama.

"Ga bayanai. Ci."

Washegari Kaftin bai zo ba. Ranar da ta biyo ma haka. Tsofaffi uku da ke zama tare da shi su ma suka ɗauke ƙafa. Ranar Litinin Gyeong-ja ta yi magana tana yanka taliya, ba ta ko ɗago ba.

"Baban Da-hye, tsohon nan in bai ci a nan ba, ba ya ci. Na san gidansa, ruwan zafi da biskit ne. Ka dawo min da shi kafin Asabar. In ba haka ba, kai da ƙanenka ku nemi wani shagon ku tsara."

Mataki na 6: In tsari ya rushe, ka ce an shiga zango na biyu

Kada ka taɓa cewa ka yi kuskure. Ka ce ka fita ganawa da masu ruwa da tsaki.

Pyo ya sa kwat ya nufi bakin ruwa. Ya sami Kaftin a ƙarƙashin rumfar da tsofaffin masunta ke buga dara, yana zaune a gefe, ba ya wasa. Pyo ya rusuna, ya miƙa kati da hannu biyu. Tsohon ya karɓa, ya nisanta shi da ido, ya juya bayan katin.

"Me ka ce kake yi?"

"Tsare-tsare, Baba!"

"Tsire-tsire? Noma ka koma?"

"Tsare-tsare! Ni mijin Gyeong-ja ne!"

"To ka faɗi haka mana." Ya mayar masa da katin. "Kai ka kawo gilashin?"

"Ni ne."

Kaftin ya daɗe yana kallon ruwa. "Na shigo da jirgi tashar nan cikin hazon da ba ka ganin hannunka, da mutum tara a bayana, ko ɗaya bai jiƙe ba. Sai ga shi gilashi ya tsayar da ni gaban yara kamar wanda ya yi fitsarin kwance. Ba fushi nake ba. Na gane ne kawai an canza duniya ba a gaya min ba."

Pyo ya zo da jawabi a shirye, mai sassa uku. Ya buɗe baki sai ya neme shi ya rasa. Abin da ya faɗo masa shi ne watansa na ƙarshe a ofis, ranar da wani yaro sabon ɗauka ya gama cikin minti goma aikin da shi yake kwashe mako yana yi, sannan ya juyo cikin tausayi ya ce, "Manaja, in nuna maka?" Ko matarsa bai taɓa gaya wa ba.

Ya zauna a kan akwatin kifi, da kwat ɗinsa da komai. Ya matsa wajen kunnen mai rai.

"Ni ma haka aka yi min, Baba."

"Iye?"

"Na ce ni ma gilashi ne ya kore ni!"

Duk rumfar ta juyo. Wani tsoho mai haƙori biyu ya fashe da dariya, sauran suka ɗauka. Kaftin ya dube shi sama da ƙasa.

"Gilashi ya kore ka, shi ne ka je ka sayo wani ka kawo wa matarka? Kai, Gyeong-ja ta yi haƙuri a duniya."

"Ka dawo gobe, Baba. Zan tsaya a gefen na'urar. Ba za ka taɓa ta ba, ni zan taɓa."

"Kullum?"

Ka lura da kyau, nan ne wurin da gwani ke cewa za a duba yiwuwar hakan. Pyo ya ce, "Kullum."

Mataki na 7: Duk abin da ka tsinci kanka kana yi, sa masa suna mai nauyi

Washegari ƙarfe sha ɗaya Pyo ya tsaya a gefen Ƙanensa, da kwat da laƙtaye. Na leƙo daga shagona na ce, "Manaja, an koma gadi ne?" Ya ce, "Tattara bayanai kai tsaye daga tushe." Na ce Allah ya taimaka.

Kaftin ya zo da tawagarsa. Tunda rabinsu ba sa ji, dole Pyo ya riƙa maimaita kowace oda da ƙarfi kafin ya danna.

"Taliya ɗaya, mai laushi, ba albasa, tebur na uku! Haka ne, Baba?"

"Mandu biyu, a yanka ƙanana, tebur na uku!"

Ina cikin shagona injin yankan makulli na kuka, amma ina jin wanda ba ya son albasa.

Labari ya zaga kasuwa cewa akwai shagon da na'urarsa ke da mutum. Mata masu sayar da kifi, waɗanda hannunsu kullum a jiƙe yake allo ba ya jin su, suka fara zuwa. Tsofaffin da aka kunyata a wasu shagunan suka fara hawa bas tun daga ƙauyuka. Wata tsohuwa ta kawo masa wayarta ya goge mata saƙonni. Wani ya kawo takardar asibiti a karanta masa. Pyo ya sayi ƙaramin littafi yana rubutawa: wane ba ya cin yaji tun da aka yi masa aiki, wance jikarta na rubuta jarrabawa a watan sha ɗaya, a tambaye ta.

Kwat ya fara tafiya a mako na biyu, saboda zafi. Laƙtaye ya bi shi bayan ya sha romo. Da ya ga kwanon Kaftin na hucewa a kan kanta, sai ya ɗauka ya kai. Wannan sunansa bibiyar oda har inda ta dosa. Da ya ga tebur ya ɓaci ga mutane na jira, sai ya goge. Wannan sunansa hanzarta juyawar kujeru. Da yamma yakan tsoma ƙafafunsa a ruwan ɗumi, sun kumbura kamar burodi, yana ba matarsa labarin wanda ya zo da wanda bai zo ba, da wanda ya kamata a leƙa.

Ka ga dai har yanzu bai wanke kwano ko ɗaya ba. Tsarina ba ya ƙarya.

Mataki na 8: Kada ka leƙa bayan tukunya

Shugaba na gari ba ya shiga kicin. Pyo ya karya wannan doka, ga abin da ya same shi.

Wata uku da kafa na'ura, ya zauna ya yi lissafi, ya ga ya kamata a ce takardar 'yar na'urar kicin ta ƙare tun tuni. Ya ɗauki sabon naɗi ya shiga da safe. Ya tarar da ita a kan shiryayye, an ɗora mata kwandon tafarnuwa. Takardarta na nan cif. Ya bi wayarta da hannu har ƙarshe, sai ga filogi yana lilo. A ramin bangon kuwa, abin gasa gwiwar Bong-sun ne a jone.

"Wa ya cire wannan?"

Bong-sun ta ci gaba da juya romo. "Ni ce, ranka ya daɗe. Ai na gaya maka raunin ma'aikatar."

"Tun yaushe?"

"Tun mako na biyu," in ji Gyeong-ja.

"To da me kuke dafa odar?"

"Da kunne. Kafin Ƙanenka ya gama tunani, kai ka riga ka sanar da duk Gunsan. Mai makulli ma ya san tebur na uku ba ya cin albasa."

Pyo ya tsaya da filogi a hannu, kunnuwansa sun yi ja. "Wato wata uku ina tsaye kamar soko, kuna yi min dariya."

Gyeong-ja ta ajiye wuƙa, ta goge hannu a gaban riga.

"Dariya kam mun yi, ba zan ɓoye maka ba. Amma shekara ashirin da tara kana dawowa gida, in na ce yaya aiki sai ka ce lafiya, ka kunna talabijin. Yanzu sai na ce maka ka yi shiru in yi barci. Don me zan jona abin da zai rufe maka baki?"

Ya juya filogin a hannunsa, ya dubi ramin bangon, ya dubi gwiwar Bong-sun. Sannan ya naɗe wayar tsaf, ya ɗaure ta da roba, ya mayar bayan kwandon.

A rahotonsa na wannan watan ya rubuta cewa an kammala sauƙaƙa hanyar sadarwa tsakanin sassa.

Mataki na 9: In an zo rabon dukiya, yi shiru ka ji farashinka

Da kaka ta shigo, 'yarsu Da-hye ta bar aikinta a Seoul ta dawo da shawarar buɗe reshe a gaban jami'a. Pyo ya kwana uku yana shirya tsarin shekara biyar, shafi arba'in, da zane-zane masu launi. Aka zauna a tebur na bakwai. Bai kai shafi na huɗu ba Da-hye ta ɗaga hannu.

"Baba, ya yi kyau, zan karanta a gida. Mama, abu biyu nake so: na'urar, da Baba. Ya riƙe min ƙofa ko na wata shida ne."

Pyo ya gyara zama, ya sunkuyar da kai irin na wanda manyan kamfanoni ke rububinsa.

"Na'ura ki turo mota gobe," in ji Gyeong-ja. "'Yan jami'a sun fi son abin da ba zai tambaye su labarin gida ba."

"Baba fa?"

"A'a."

"Haba Mama, wata uku to."

"Ko kwana uku. Ki je ki nemi naki. Ni sai da na yi shekara talatin ina jiran wannan ya nuna, yanzu da ya fara daɗi za ki zo da kwando?"

Bong-sun ta tuntsire da dariya har da buga cinya. Pyo ya tattara takardunsa yana ta daidaita gefensu, alhali a daidaice suke. Da ya fito shan iska na ga idonsa ya yi ja. Ya ce min tururi ne.

Washegari mota ta tafi da Ƙanen Manaja, an lulluɓe shi da bargo. Ƙarfe sha ɗaya Pyo ya fito ya tsaya a inda ya saba, shi kaɗai, ya buɗe ƙofa.

Sanarwa

Mai wannan rubutu makulli yake yankawa, ba ya ɗaukar alhakin ƙofar da ka buɗe da shi. In ka bi matakan nan ƙafarka ta kumbura, tsakaninka da ƙafarka ne. In ka wayi gari ka san sunan jikokin mutum ɗari biyu, ko aka fara gayyatarka bukukuwan mutanen da ba danginka ba, ko wani tsoho ya kawo maka busasshen kifi naɗe a jarida ya ƙi karɓar godiya, ba da yawuna ba. In kuwa abin ya yi muni har matarka ta fara zuba maka ƙarin mandu ba ka roƙa ba, kada ka zo shagona da ƙorafi. Ba ma za ka same ni ba tsakanin sha biyu da ɗaya. Ina tsallaken lungu, tebur na tara, kuma ba ni na gaya wa Pyo cewa ba na son yaji ba.